Ƙwaya a Gwangwanin Maɓallai

"…lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. To amma wa ke gaishe ni? Murya nake ji, ban ga mai ita ba. Ko a ƙarƙashin teburi take?"

"Gyara tabarau, tsoho. Ga ni a gabanka."

"Af, Guntuwa ce! Wai a tsaye kike? Wallahi na ɗauka durƙusawa kika yi kina gaida mijinki."

"Wane mijin? Wanda haƙoransa ke kwana a ruwa shi yana kwana a gado? Ai tun bara na sallame ka, takardar ce ba ta iso ba."

"Ina za ta iso, hannunki bai kai bakin akwatin gidan waya ba?"

Shagon tsohon tela ɗaki ɗaya ne a gaban gida, ƙofarsa na kallon titi. Keken ɗinki na ƙafa a bakin taga, teburin yanka a tsakiya, benci ɗaya da zaman masu jira ya goge har yana sheƙi, sai kanta a jikin bango cike da zare da gwangwanayen maɓallai. Shekara hamsin da ɗoriya yana nan. Wadda ta shigo kuwa jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa. Shi ya laƙaba mata Guntuwa tun tana koyon tafiya, sunan ya bi ta har jami'a. Yanzu ta gama karatun haɗa magunguna, saura mako uku a yaye su, kuma ta rantse ranar ba za ta sa ɗinkin kowa ba sai nasa. Gwajin rigar ne ya kawo ta da hantsin nan.

Akwai abin da tsohon yake ɓoyewa, gara a faɗe shi tun yanzu. Kwana ashirin da uku ke nan rabonsa da haɗiyar ƙwayar hawan jini. Tun da ya tashi ƙeyarsa ke sara masa, kuma sai da ya gwada sau shida kafin zare ya shiga allura, shi da a da yake zura shi yana hira da mutane. Amma ko za a yanka shi ba zai faɗa wa yarinyar nan ba.

"Shiga bayan labule ki sa. A hankali, fil ne ya riƙe ta ko'ina. In ya soke ki babu ruwana."

Ta fito cikin shuɗin yadin, hannuwa a buɗe don kada fil ya same ta. Tsoho ya tsaya yana kallo. Kafaɗun nan na kakarta ne sak, marigayiya matarsa, wadda yau wata bakwai da rasuwarta. Ya yi maza ya sunkuya kan bakin rigar don kada a ga idonsa. Sunkuyawar ke da wuya ɗakin ya ɗan juya masa, ya dafa teburi ya yi kamar alli yake nema.

"Yadi huɗu mamanki ta kawo," ya ce daga ƙasa. "Na yanka miki riga, ragowar ta ishi labulen gida guda."

"Ajiye ragowar ka yi wa kanka hula, ko sanƙon nan ya huta da rana."

"Sanƙon ilmi ne. Kuma ki iya bakinki, da saurayi kike magana yanzu. An sabunta ni."

"A wane gareji?"

"Garejin gidanku. Wurin Mai Allura nake zuwa, Talata da Juma'a. Ɗaki ne a saman bene, fes da shi, ba hayaniya. Ka kwanta, ya zo da wasu allurai sirara, ya kafa maka a hannu da ƙafa da kunne. Guda goma sha huɗu ranar Juma'a, ko gezau ban yi ba. Irin maganin mutanen Sin ne. Ke da an nuna miki ɗaya sai dai a kamo ki a bakin titi."

"Allahu akbar. Shekara hamsin kana soke kayan bayin Allah, yau an samu mai rama musu."

"Yi dariyarki. Jinina dai ya sauka, ya kwanta lamo."

"Ma sha Allah. To kawo maɓallai in zaɓa. Farare nake so."

Ta miƙa hannu kan kanta. Duk gwangwanayen nan guda tara, wai sai ta ɗauko tsohon gwangwanin madarar da ke can kusurwa. Tsoho ya zabura.

"Ba wannan ba! Ajiye. Wannan na... na wandunan maza ne."

"Tun yaushe ka fara rowa da maɓalli? Ko zinari ka ɓoye wa wata budurwar?"

Kafin ya zagayo teburin ta juye shi a kan yadi. Fararen maɓallai suka watsu, manya da ƙanana. Ta sa yatsa tana tonawa tana 'yar waƙa, sai waƙar ta tsaya. Ta ɗauki wani ɗan ƙarami ta ɗaga shi wajen taga.

"Kaka, wannan maɓallin ba shi da huda."

"Sabon yayi ne. Manna shi ake yi."

"Ga wani. Ga wani kuma. Har da tsaga a tsakiya da lamba a baya." Ta jera su a gefen teburi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago kai ba. "Ashirin da uku. Shekara biyar ina karatun abin nan, ka ce mini manna shi ake yi?"

Dabarar tsoho ke nan, kuma shi a ganinsa ta yi kyau. 'Yarsa, maman Guntuwa, takan leƙo duk mako ta duba katin magani ta ga ko yana raguwa. To kullum da safe sai ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya jefa cikin fararen maɓallai, kati yana raguwa, kowa hankalinsa kwance. Zubar da abu mai amfani kuwa ba ya cikin jininsa. Mutumin da ko guntun zare sai ya naɗe ya ajiye, ina zai iya watsar da magani a kwata?

"To an kama ni," ya ce, ya gyara tsayuwa. "Sai me? Mutum ya warke, ya ci gaba da shan magani? Ina da shaida. Ba da baki nake magana ba."

Ya jawo littafin awo daga aljihun teburi, ƙaton littafin nan mai baƙin bango wanda ya ɗinke bayansa da kansa sau uku. Awon duk wanda ya taɓa yi wa ɗinki yana ciki. Ya buɗe shafin ƙarshe ya tura mata. A can ya ja layi da fensir, ya rubuta awon jininsa: 138 kan 84, 135 kan 82, 140 kan 85.

"Karanta da ƙarfi, likitar takarda. Kuma shi Mai Allura ya nuna mini bincike a rubuce. Masana sun gwada, jini ya sauka. Ko kin fi su ne?"

"Na karanta shi. Shi da 'yan'uwansa. Tun ranar da Mama ta ce ka fara zuwa can na kwaso duk wanda na samu, mako biyu ina bin su kamar zan yi jarrabawa."

"Ashe haka kike sona?"

"Rigata nake ji. Kada ka bar mini ita a rabi."

"To me kika gano, gwanar gwanaye?"

Ta zauna a bakin benci a hankali saboda fil. "Na farko dai mutanen kaɗan ne. Wani binciken mutum talatin, wani sittin."

"Talatin ne kaɗan? Tara mini talatin a shagon nan ki ga ko za ki samu wurin tsayawa. Ko da yake ke ko a aljihun wani sai ki fake."

"Kai da ka auna dubbai, in na auna mutum talatin na ce na san awon kowa, ka yanka yadi a kan maganata, za ka yanka?"

Tsoho ya yi gyaran murya ya ɗauki almakashi ya ajiye. Ba zai yanka ba, kuma ta san ba zai yanka ba.

"Sannan yawancinsu," ta ci gaba, "ana zare allura ake auna jinin, ko cikin kwana guda. Da wuya ka ga wanda ya bi mutanen har wata uku, wata shida. Inda aka bi ɗin ma, sai a tarar jinin ya koma inda yake. Kai ba ka yabon yadi a kanti, kullum cewa kake sai an wanke an ga ko zai zuba."

"Kada ki riƙa jifana da maganata. Rashin kunya ne."

"Akwai wanda ya fi wannan. Wasu sun raba mutane biyu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta bogi, wadda take taɓa fata ba ta shiga, ko a kafa ta a inda ba wurinta ba. Ba wanda ya san wacce aka yi masa."

"Ta bogi? Su masanan? Kai, duniya ta lalace. Ashe su ma 'yan damfara ne."

"Ba damfara ba ce, gwaji ne. Ana so a gane allurar ce ke aiki, ko kwanciyar da mutum ya yi da kulawar da ya samu. To da aka yi haka sai bambancin ya ƙanƙance ƙwarai. Manyan lambobin nan masu daɗin ji, yawancinsu daga binciken da ba a yi wannan rabon ba suka fito."

"Wato kina cewa ƙarya ce. Ni da na kwanta aka soke ni, ke da ko ƙofar ba ki gani ba."

"Ban ce ƙarya ce ba. Na ce ba a tabbatar ba. Mai yiwuwa tana ɗan taimakawa, Allah ne masani, amma aikin da aka yi bai kai a dogara da shi ba." Ta miƙe ta buɗe hannuwa. "Dube ni. Rigar nan ta yi kyau?"

"Ɗinkin wa? Ko sanda aka sa wa sai ta yi kyau."

"To bari in fita titi da ita haka."

"Ke! Fil ne fa ya riƙe ta! Taku goma za ki yi ta rabu gida biyu, ki ja mini abin kunya."

"Haka binciken yake, Kaka. Fil ne ya riƙe shi. Kai kuma ka fita titi da shi kwana ashirin da uku."

Tsoho ya ji ta shige shi, amma bai saba ba da kai da wuri ba. Ya buga yatsa a kan littafi. "Bar masana da kayansu. Wannan fa? Da hannuna na rubuta."

"Yaushe kake aunawa?"

"Talata da Juma'a, ina dawowa."

"Bayan ka kwanta minti arba'in a ɗaki mai sanyi ba wanda ya ce maka uffan. Sauran kwanakin fa? Na'urar da Mama ta saya maka ba ta aiki ran Laraba?"

"Ina aunawa mana. Sai dai wani lokacin awon ba ya fita daidai. In mutum ya tsaya a karkace ko ya kumbura ciki, tela ba ya rubuta wannan awon. Sakewa ake yi. Ƙa'idar aiki ce."

"In aka sake bai fita daidai ba fa?"

"Sai a bari sai ranar da ya tsaya da kyau."

Guntuwa ta rufe baki da hannu, ya rasa dariya take yi ko kuka. "Wallahi da za su san ka da sun ɗauke ka aiki. Abin da ake zargin wasu masu binciken da shi ke nan. Wanda ya fito da kyau a buga, wanda bai fito ba a jefa a aljihun teburi. Ina na'urar?"

"Batir ɗinta ya mutu."

"Ga ta can kan keke tana ƙyalli. Zauna. Miƙo hannu."

Ya zauna yana mita. Ta naɗe masa hannun riga ta ɗaura abin a damtsensa, ta hana shi magana, ta hana shi harɗe ƙafa. Na'ura ta yi gurnani ta matse shi, sannan ta saki. Ya kau da kai yana kallon titi, wani mai keke ya wuce da buhu a baya. Can ya juyo ya dube ta.

"Nawa?"

"Ɗari da tamanin da biyu kan ɗari da shida."

"Ke ce kika tayar mini da shi. Duk mijin da aka yi wa wannan tijarar da safe dole jininsa ya hau."

Ta danna wani ɗan maɓalli a gefen na'urar wanda shi bai taɓa kula da shi ba. Lamba ta fito. Ta sake dannawa, wata ta fito, da kwanan wata a samanta. 176. 181. 174. 140. 179. 184.

"Ita ma tana da nata littafin awon, Kaka. Duk abin da ka auna tana riƙewa. Jiya da safe sau huɗu ka gwada. Ni ina nan jiya?"

"Munafukar na'ura," ya ce a hankali. "A gidana take kwana, ashe rahotona take tarawa."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gabansa, fil ko ba fil ba, ta riƙe hannun da ke ɗaure. "Shi Mai Allurar ne ya ce ka bar magani?"

"A'a. Kada in ɗauki alhakinsa. Tun ranar farko ya ce kada in bari, kuma duk zuwa sai ya tambaya."

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Na ce katin yana raguwa."

"To don me, Kaka? Kanka na ciwo, na gani tun shigowata. Da ka sunkuya sai da ka dafa teburi. Don me?"

Tsoho ya daɗe yana kallon wani kofin ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ke kife a kan taga. Bai yi niyyar faɗa ba, sai ya ji bakinsa na faɗa.

"Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ɓallo ƙwayar nan da hannuna ba. Kakarki ce. Kullum ina buɗe shago za ta shigo da kofin can, ta ce miƙo hannu. In miƙa, ta sa mini a tafi, ta ce haɗiye, kada ka bar ni da keke, ban iya taka shi ba. Bayan ta tafi na yi wata shida ina sha ni kaɗai. Duk safiya in na ɓallo sai in ji kamar ranar aka yi rasuwar. Ita kuma ko sau ɗaya ba ta tsallake tata ba, ga shi ta riga ni." Ya share hanci da bayan hannu. "Can wurin Mai Allura kuwa, mutum zai riƙe maka wuyan hannu, ya tambaye ka yaya ka kwana, kuma ya tsaya ya ji amsa. Kewarta nake yi, Guntuwa. Iyakar ciwon ke nan."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. "Ni ma ina kewarta. Kuma ba zan ce maka ƙwaya tana hana mutuwa ba. Amma irin wannan maganin an gwada shi a kan dubban mutane, shekara da shekaru, an ga yana rage shanyewar jiki. Wannan ɗinki ne gamamme. Abin da nake tsoro ke nan, Kaka. Ka wayi gari hannun nan ya ƙi ɗagawa."

Ya dubi hannun. Shi ne ya riƙe almakashi shekara hamsin. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda yake ta korewa tun da ƙeyarsa ta fara sara masa.

Ta miƙe ta jawo littafin awo, ta yi ta buɗe shafuka baya, har ta kai inda take nema. Shafinta ne. A sama an rubuta Guntuwa, a ƙasa awonta na kowace shekara a jere, tun rigar fara makaranta.

"Ka tuna wannan? Ina da shekara goma sha ɗaya. Ni ce ƙarama a aji, ana ta yi mini dariya. Na zo nan na roƙe ka ka ƙara mini inci biyu a littafi. Inci biyu kacal. Har birgima na yi a ƙasan teburin nan."

"Na tuna. Ba ki sha wahalar shiga ƙasan ba."

"Me ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai kan shafin.

"Ka ce, in na rubuta ƙarya littafi ba zai ji komai ba, ke ce za ki taka rigar ki faɗi." Ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta sa masa fensir a hannu. "Littafi ba zai ji komai ba, Kaka."

Tsohon tela ya riƙe fensir yana kallon layukan nan masu kyau da ya jera. Shekara hamsin bai taɓa ƙara wa mai kuɗi faɗin kafaɗa ba, bai taɓa rage wa amarya ƙugu ba, sai a kan kansa ya fara. Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya lashi bakin fensir yadda ya saba, ya rubuta a ƙasa, manya-manya: 182 kan 106.

"Ga shi. Kin ji daɗi? Mace ta zo gwajin riga ta ƙare da tona wa mijinta asiri."

"Saura na cikin na'ura. Duka za ka kwafe, likita zai gani. Yau za mu je, ba gobe ba. Ina cire rigar nan za ka rufe shago."

"Allurata fa? Ko ita ma kin sake ta?"

"Je ka abinka, Talata da Juma'a, in likita bai ga matsala ba. Kwanciyar tana maka daɗi, mutumin kuma yana da kirki. Ni zan ma raka ka in ga yadda ake rama wa yadi. Amma da ƙwaya a cikinka."

Ya kai hannu zai ɗauki ɗaya daga cikin ashirin da ukun da ke jere a teburi. Ta doke hannun.

"Waɗannan sun kwana cikin ƙura da tsatsa. Ka manna su a wandunan maza. Ina katin?"

Ya nuna aljihun keke da haɓa. Ta ɗauko. Sannan ta je taga ta ɗauki kofin ƙarfen, ta shiga cikin gida. Ya ji ƙarar famfo, ya ji tana ɗauraye shi sau biyu. Ta dawo ta tsaya a gabansa da shuɗiyar rigar da fil ya riƙe, kofi a hannu ɗaya, ƙwaya a ɗayan.

"Miƙo hannu."

Ya miƙa. Ta sa masa a tafi.

"Haɗiye. Kada ka bar ni da rigar nan, ban iya taka keke ba."

Ya haɗiye. Ya shanye ruwan tas, ya daɗe da kofin a bakinsa bayan ruwan ya ƙare.

"Kullum kafin in wuce zan biyo," ta ce. "Ranar da ban samu zuwa ba zan kira ka, ina ji kana haɗiyewa. Kuma sai ka buɗe baki na duba, don na daina yarda da kai."

"Wannan aure ne ko gidan yari?"

"Ai na ce maka na sake ka. Gadi kawai nake yi."

Tsoho ya tashi a hankali, ya buɗe aljihun teburi na ƙasa wanda ba ya buɗewa gaban kowa. Ya fito da wani ɗan ƙulli na farin ƙyalle ya warware. Maɓallai shida ne farare masu sheƙi, zare na maƙale a hudar wasu.

"Farare kika ce kina so. Na rigar kakarki ne, wadda na fara ɗinka mata. Waɗannan suna da huda, duba da kyau, likita."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ƙura musu ido.

"Ni zan ɗinka su," ya ce. "Kuma ranar da za a yaye ku ni zan zauna a gaba in gani, in dai sun ba ki kujerar takawa an hango ki. Kin ci ni yau, na yarda."

Ta goge ido ta yi dariya. "Tunda na ci, inci biyun nan fa? Ga littafi a buɗe, ga fensir a hannunka."

Tsoho ya rufe littafin, ya danna shi a hammata, ya ɗauko kwaɗon shago yana dariya har tari ya kama shi.

"Ko rabin inci. Je ki cire rigar, ki zo ki riƙe mini hannu mu sauka dakalin nan."